Igiyar da Ta Ƙi Tsinkewa: Tarihin Hedifon na Situdiyo

A duk situdiyon da ake ɗaukar sauti, daga manyan ɗakunan Landan zuwa ƙananan shagunan da mawaƙan Kano ke shiga da dare, akwai wani ɗan ƙarfe da bai sauya kama ba tun kafin a san rediyo. Shi ne kan igiyar da ake sokawa a jikin na'ura, mai kaurin milimita 6.35, wato rubu'in inci. Asalinsa ofisoshin tarho ne na ƙarshen ƙarni na 19, inda ma'aikata ke zama gaban allo mai ramuka, suna zare igiya daga wannan rami su soka a wancan domin haɗa mai kira da wanda yake nema. Allon ya tafi tun da daɗewa, garmaho da faifai da kaset duk sun zo sun wuce, amma kan igiyar nan yana nan yana aiki.

Za a ce da ita igiya a nan saboda kalmar waya ta riga ta tashi daga ma'anarta ta fari. Bahaushe ya ari sunan ne daga siririn ƙarfen da ke ɗaukar saƙo, har aka wayi gari abin da ake kira waya a yau shi ne wanda ba ya tare da waya ko ɗaya.

Kasuwa yanzu cike take da hedifon da aka rubuta wa sunan situdiyo, wanda ke karɓar igiya kuma yana aiki da Bluetooth. Ga matashin da ke haɗa kiɗa a kwamfutarsa, ko ɗan jaridar da ke tace hirar rediyo, tayin yana da ban sha'awa: kuɗi ɗaya, biyan buƙata biyu, a yi aiki da shi da rana a saurari waƙa da shi a mota da yamma. Ko tayin gaskiya ne, amsar tana cikin tarihin yadda na'urar ta rabu gida biyu, da yadda ake ƙoƙarin sake haɗa ta.

Kayan aiki ne tun fil azal

A shekarar 1910 wani mutumin jihar Utah ta Amurka, Nathaniel Baldwin, ya aika wa rundunar sojan ruwan ƙasar wata na'ura da ya harhaɗa da hannunsa a teburin kicin: 'yan lasifikoki biyu da maɗaurin da ke bi ta saman kai. Da aka gwada, sai aka ga ta fi waɗanda masu karɓar saƙon rediyo na rundunar ke amfani da su jin ƙaramin sauti. Rundunar ta nemi guda 100. Baldwin bai ci moriyar abin ba har ƙarshe, domin kamfaninsa ya durƙushe a 1924, amma siffar da ya fitar ita ce ta zauna. Abin lura shi ne ba don nishaɗi aka yi ta ba. Mai sauraron saƙon jirgin ruwa cikin hayaniyar iska so yake kada ko ɗigo ɗaya ya kuɓuce masa.

A wannan shekara ta 1924 ne Eugen Beyer ya kafa kamfaninsa a Balin, yana ƙera lasifikokin gidajen silima. A 1937 ya fitar da DT 48, hedifon mai aiki da maganaɗisu da naɗin siririn tagulla wanda ke girgiza wata 'yar fata kamar yadda gula ke girgiza fatar ganga. Wannan tsari shi ne ke cikin mafi yawan hedifon da ake sayarwa har gobe. DT 48 ya shiga gidajen rediyo da hannun masu ɗaukar sautin fim, kuma kamfanin Beyerdynamic ya ci gaba da ƙera shi fiye da shekara 70.

Duk da haka, a wancan zamani mawaƙi ba ya buƙatar hedifon. Makaɗa da mawaƙa kan taru ne a ɗaki ɗaya, su yi abinsu lokaci guda a gaban makirufo, kowa yana jin ɗan'uwansa da kunnensa. Wanda ya yi kuskure ya jawo wa kowa a koma farko. Abin da ya sauya wannan shi ne dabarar ɗora sauti a kan sauti, wadda makaɗin jita Les Paul ya shahara da ita tun ƙarshen shekarun 1940, shi da matarsa Mary Ford da ke rera muryoyi da dama ita kaɗai a waƙa guda. A 1957 kamfanin Ampex ya miƙa masa rikoda mai layi takwas. Daga nan aka shiga zamanin da ake ɗaukar kiɗa yau, a ɗora murya gobe, a zo da 'yan amshi jibi.

Nan ne hedifon ya zama dole. Mai rera waƙa a kan kiɗan da aka riga aka ɗauka tilas ya ji kiɗan, amma makirufon da ke gabansa bai kamata ya ji ba. In aka saki kiɗan ta lasifika, zai koma cikin makirufo ya ɓata ɗaukar. Saboda haka aka buƙaci abin da zai rufe kunne ruf, ya tsare sauti a ciki, ya kuma kai wa mawaƙi kiɗan da muryarsa a daidai lokacin da yake fitar da ita. Waɗannan sharuɗɗa biyu, rufewa da dacewar lokaci, su ne tushen abin da ake kira hedifon na situdiyo. Na uku ya biyo baya: faɗin gaskiya, wato kada ya ƙawata sauti ya ɓoye wa injiniya aibun da ke cikinsa.

Ɗaya reshen kuwa ya soma ne a 1958 a birnin Milwaukee, inda John Koss da abokin aikinsa Martin Lange suka fitar da SP/3, hedifon na sitiriyo domin mai sauraro a gida. Sun yi shi ne a matsayin ɗan rakiyar wani ƙaramin garmaho da suke son sayarwa, sai jama'a suka bar garmahon suka bi ɗan rakiya. A 1968 Sennheiser ta Jamus ta kawo HD 414 mai buɗaɗɗen baya, mara nauyi, mai barin iska ta ratsa, ta kuma sayar da fiye da miliyan 10. Buɗaɗɗen baya yana ba da sauti mai faɗi, shi ya sa masu haɗa sauti ke son sa, amma ba ya amfani a gaban makirufo domin yoyo yake yi. Sai 1979, shekarar da Sony ta fitar da Walkman, ta fito da hedifon daga ɗaki zuwa titi, ta kuma yaɗa ƙaramin kan igiya mai milimita 3.5 ko'ina a duniya.

Ita dai wannan Sony ce ta ƙera abin da ya zama jakin situdiyo. MDR-V6 ya fito a 1985, ɗan'uwansa MDR-7506 ya biyo a 1991, kuma har yau ana ƙera na biyun kusan yadda yake tun farko, da naɗaɗɗiyar igiyarsa da ba ta cirewa. Wanda ya saba da hedifon na nishaɗi, in ya sa shi karon farko, ba lallai ya ji daɗinsa ba. Siririn sautinsa yana da kaifi, yana fito da sheshshekar numfashi da ƙarar fanka da tsatsar harafin sa. Wannan rashin kunyar tasa ita ce ta sa masu ɗaukar sautin fim da gidajen rediyo suka riƙe shi: gara ya nuna aibi ana cikin ɗauka da a gano shi bayan kowa ya watse. A 1985 ne kuma Beyerdynamic ta fitar da DT 770 Pro, wanda shi ma yake kasuwa har yanzu.

Kalmar situdiyo ta soma rasa nauyinta a 2008, lokacin da mawaƙi Dr. Dre da Jimmy Iovine suka fitar da hedifon na Beats suka kuma raɗa masa wannan suna. Kaurin sautinsa ya yi yawa da gangan, irin wanda ke sa ƙirji ya amsa. An saye shi ba kama hannun yaro, har Apple ta sayi kamfanin a 2014 kan dala biliyan 3. Ba laifi ba ne a yi hedifon mai daɗi. Illar ita ce wanda ya haɗa waƙa da irinsa zai ji kaurin ya isa alhali bai isa ba, ya rage, in an kunna waƙar a wata lasifika a ji ta fayau. Tun daga nan rubutun jikin kwali ya daina zama shaida.

Sarkin Danmak da matsalar lokaci

Bluetooth ya samo asali ne a kamfanin Ericsson na Suwidin a 1994, inda injiniya Jaap Haartsen ya jagoranci tsara hanyar da na'urori za su yi magana da juna a kusa ba tare da igiya ba. A 1998 Ericsson da Nokia da Intel da IBM da Toshiba suka kafa ƙungiyar da ke kula da tsarin. Sunan kuwa Jim Kardach na Intel ne ya kawo shi a matsayin na wucin gadi, daga laƙabin Harald, sarkin da ya haɗa kan Danmak a ƙarni na 10, da nufin cewa haka tsarin zai haɗa kan na'urori. Sunan wucin gadin ne ya zauna.

Ba domin kiɗa aka tsara shi ba. Na farko-farko ɗan abin kunne ɗaya ne na amsa kira. Sai a 2003 aka samar da ƙa'idar tura kiɗan sitiriyo, kuma tun daga ranar matsalar ita ce ƙuncin hanya. Sautin faifan CD yana buƙatar kilobit 1,411 a kowace daƙiƙa, Bluetooth kuwa ba ya iya ɗaukar wannan lodi cikin natsuwa. Dole a matse sautin, a zubar da abin da ake ganin kunne ba zai lura da shi ba. Tsarin matsewa na asali, SBC, yakan tsaya ne a wajen kilobit 328. An sami aptX, wanda tushensa binciken Stephen Smyth ne a Jami'ar Queen's da ke Belfast a shekarun 1980, sannan Sony ta kawo LDAC a 2015 mai kaiwa kilobit 990, wanda kan sauka zuwa 660 ko 330 in hanya ta cushe.

Masu talla sun fi son a tsaya a kan waɗannan alƙaluma, domin a nan ne ake samun ci gaba shekara bayan shekara. Gaskiya kuma an ci gaba. Mutane da yawa ba za su iya bambance kyakkyawan Bluetooth na yau da igiya ba in sauraro kawai suke yi. Matsalar situdiyo tana wani wuri daban, a jinkiri.

Kafin sauti ya tashi daga kwamfuta ya isa kunne ta Bluetooth, sai an tara shi, a matse, a yanka shi ƙunshi-ƙunshi, a tura, a ajiye wani a ɗaya gefen saboda kada ya yanke in wani ƙunshi ya ɓata a hanya, sannan a warware. Kowane mataki yana cin lokaci. Jimillar takan kama daga milisakan 100 zuwa 300, wato kashi ɗaya zuwa uku cikin goma na daƙiƙa. Mai kallon fim ba ya lura, domin na'urarsa takan jinkirta hoton ya yi daidai da sautin. Amma babu na'urar da za ta jinkirta bakin mawaƙi ko yatsan mai fiyano.

Lissafin yana da sauƙi. Sauti yana tafiyar kimanin mita 343 a daƙiƙa. Jinkirin milisakan 10, wanda daga nan ne makaɗa da yawa ke fara jin wani abu ya sauya, daidai yake da tsayuwa mita uku da rabi daga lasifika. Milisakan 200 kuwa kusan mita 70 ke nan, kashi biyu cikin uku na tsawon filin ƙwallo. A kwatanta makaɗin kalangu a wannan gefen fili, mawaƙinsa a can nesa, a ce su tafi tare. A kiɗan da ke bugu 120 a minti, kowane bugu milisakan 500 ne, saboda haka wannan jinkiri ya cinye kashi biyu cikin biyar na bugun.

Abin ya wuce ɓata kiɗa, har harshe yake ɗaurewa. A 1950 wani injiniya Ba'amurke, Bernard Lee, ya bayyana cewa in aka mayar wa mutum da muryarsa a kunne bayan ɗan jinkiri, sai maganarsa ta rikice, ya riƙa jan kalmomi yana maimaita gaɓoɓi kamar mai in'ina. Binciken da ya biyo baya ya nuna rikicewar ta fi tsanani a wajen milisakan 200. Wasu masu bincike biyu na Japan, Kazutaka Kurihara da Koji Tsukada, har na'urar rufe bakin mai surutu suka ƙera da wannan dabara, suka kuma sami kyautar barkwanci ta Ig Nobel a 2012. Wato jinkirin Bluetooth na yau da kullum ya faɗo daidai inda ƙwaƙwalwa ta fi kasa jure shi. Mawaƙin da aka ba hedifon mara igiya a gaban makirufo, an sa shi cikin gwajin Lee ne bai sani ba.

Kada a ɗauka ƙwararru ba sa son rabuwa da igiya. Mawaƙan da ke kai-komo a kan dandamali sun daɗe suna sa 'yan abin kunne marasa igiya, amma waɗannan suna aiki ne da zangon rediyo na musamman wanda kusan ba shi da jinkiri, da na'urar turawa daban da ta karɓa, kuma kuɗinsu ba na wasa ba ne.

Gida biyu a kwanso ɗaya

A 2016 Apple ta cire ramin hedifon daga iPhone 7, sauran kamfanoni suka bi sahu. Nan take hedifon na situdiyo, wanda matasa suka saba sokawa a waya in sun fito daga aiki, ya rasa mashiga. Kamfanonin da ke ƙera shi sai suka nemi mafita. Audio-Technica ta Japan ta ɗauki M50, wanda ta fara fitarwa a 2007 ta sabunta shi da sunan M50x a 2014, ta sa masa batir da Bluetooth a 2018. Na biyunsa ya zo a 2021 da LDAC, da batir mai kaiwa awa 50, da wani yanayi na rage jinkiri, da igiya a cikin kwali. AKG ta yi irin haka da K371. Wani kamfanin Danmak mai suna AIAIAI ya bi wata hanya: a TMA-2 Studio Wireless+ ya ƙara 'yar na'urar turawa tasa ta kansa, wadda ba Bluetooth ba, da ta sauko da jinkiri zuwa milisakan 16, kwatankwacin tsayuwa mita biyar da rabi daga lasifika. Wannan ya isa a buga fiyano ko a tsara kiɗa ana zagaya ɗaki, ko da yake mai rera waƙa mai kaifin kunne zai iya jin sa. Abin dariya ne a ce daga ƙasar sarki Harald ne aka fito da hanyar kauce wa tsarin da ke ɗauke da sunansa.

Abin da tarihin nan ke nunawa shi ne irin wannan hedifon na'urori biyu ne da ke zaune a kwanso ɗaya, kuma ba dole su yi murya iri ɗaya ba. In yana kan Bluetooth, sautin yana bi ta ƙaramar amfilifayar da ke cikinsa da wata 'yar kwakwalwa mai gyara sauti. In an soka igiya aka kashe shi, duk wannan ya tsaya, 'yan lasifikokin ne kaɗai ke magana da tasu muryar ta asali. A nan ake gane asalin kowane. Wanda aka haifa a situdiyo aka ƙara masa Bluetooth daga baya, kamar M50x, an daidaita sautinsa ne tun yana da igiya kaɗai, saboda haka igiya gidansa ce. Wanda aka haifa domin tafiya, irin masu kashe hayaniyar jirgi da mota, sau da yawa 'yar kwakwalwar ce ke riƙe da daɗin sautinsa. In aka kashe ta sai a ji shi ya dushe ko ya yi gunji. Wasu ma ba sa motsi ko da igiya in batir ya mutu. Dukansu biyu za a rubuta a kwalinsu cewa suna aiki da igiya da kuma ba igiya, kuma babu wanda ya yi ƙarya a cikinsu.

Saboda haka gwajin farko ga mai saye shi ne ya kashe hedifon gaba ɗaya, ya soka igiya, ya saurari wani sauti da ya sani ciki da waje, zai fi kyau muryar mutum tana magana, domin kunne ya fi saurin kama ƙarya a murya fiye da a kiɗa. In ya yi aiki a kashe kuma muryar ta fito yadda take, kayan aiki ne. Sannan ya kunna Bluetooth ya sake sauraron abu ɗaya. In bambancin ya yi yawa, to wanda ke tace aiki da igiya da rana ya duba shi ba igiya da dare yana sauraron alƙalai biyu ne da ba su yarda da juna ba. Ya kuma ɗaga sauti ya danne bakin kofunan a cinyarsa ya ji ko yana yoyo, tunda abin da ya ji a nan shi makirufo zai ji.

Akwai batun turjiya, wadda ake aunawa da om. Tsoffin hedifon na situdiyo kan kai om 600, domin an yi su ne a jera da yawa a kan amfilifaya ɗaya mai ƙarfi. DT 770 Pro ana sayar da shi a om 32 da 80 da 250, kuma wanda ya sayi na 250 ya soka a waya zai ji sautin ya yi ƙasa. MDR-7506 om 63 ne, M50x kuwa 38, duka kwamfuta ko ƙaramar na'urar ɗaukar sauti na iya tura su. Masu Bluetooth kusan duk a ƙasa suke, saboda haka wannan ba ya cika zama matsala a wurinsu. Abin da ya fi kama mutane shi ne makirufon da ke jikin hedifon: da zarar an buɗe shi a Bluetooth domin kira, tsarin yakan koma ƙa'idar tarho, sautin ya tsuke ya daina zama na sitiriyo. Ba a ɗaukar aiki da shi.

Sai tsawon rai, wanda a ƙasar da kuɗin waje ke da tsada ba ƙaramin batu ba ne. Dalilin da ya sa ake samun MDR-7506 mai shekara 20 yana aiki shi ne babu abin da ke tsufa a jikinsa sai soson kunne da igiya, kuma duka biyun ana sauya su. Batir kuwa yana da adadin cajin da zai ɗauka kafin ya gaji, zafi irin na bazara kuma yana gaggauta gajiyar. Hedifon da ke aiki da igiya a kashe, in batirinsa ya mutu bayan wasu shekaru, ya koma hedifon na situdiyo zalla ya ci gaba da aiki; wanda ba ya yi kuwa ya zama na shara. Shi ya sa ya dace a tambayi mai shago ko ana samun soson kunnensa, ko igiyarsa ta gama-gari ce ko sai ta kamfanin, da ko akwai kan nan mai milimita 6.35 a cikin kwali, domin ramin da ke jikin mafi yawan na'urorin ɗaukar sauti har yanzu shi yake karɓa.